Gida da Kasuwa a Inuwa Ɗaya: Tarihin Haɗa Mazauni da Wurin Ciniki a Ƙasar Hausa, da Darasinsa ga Garin Illela

1.0 Gabatarwa

A watan Oktoba na shekarar 2024 ne aka ƙaddamar da aikin gina babbar hanyar mota mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka shirya za ta tashi daga Illela, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, ta ratsa Sakkwato da Kabi da wasu jihohi har ta dangana da Badagiri a bakin teku. Sanannen abu ne cewa duk inda aka ce hanya za ta bi, filaye kan yi daraja, masu hannu da shuni kuma kan soma tunanin abin da za su gina. Irin ginin da ya fi ɗaukar hankalin attajirai da hukumomi a wannan zamani shi ne wanda ake haɗa kantuna da ɗakunan ajiya da gidajen kwana cikin haraba ɗaya, watau kantuna a ƙasa ko a gaba, mazauni kuma a sama ko a baya. Da yawa daga cikin masu sha'awar irin wannan gini sun ɗauka baƙon abu ne da aka kwaikwayo daga Dubai ko Turai.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa haɗa gida da wurin ciniki daɗaɗɗiyar al'ada ce a ƙasar Hausa, mai kalmominta da ƙa'idojinta da hukunce-hukuncenta, kuma raba su da aka yi a kan takarda ya biyo zuwan Turawa ne. Bayan an bi tarihin, za a dubi abin da zai amfana wa duk wanda ya yi niyyar aza harsashi a gari irin Illela, inda arzikin kasuwa ya rataya ga ƙofar da mabuɗinta ba ya hannun mutanen garin. Illelar da ake nufi a nan ita ce ta Jihar Sakkwato, mai nisan kilomita 80 da 'yan kai arewa da birnin Sakkwato, wadda ke fuskantar Birnin Ƙonni. Akwai wata Illelar a ƙasar Adar cikin Jihar Tawa ta Nijar, kada a gwama su.

2.0 Abin da Harshe Ya Adana

Idan aka dubi kalmomin da Bahaushe ke amfani da su wajen ciniki da masauki, za a ga sun kasu kashi biyu, kowane kashi da zamaninsa. Kashi na farko tsofaffi ne ƙwarai. Ita kanta kalmar kasuwa, masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna a shekarar 1960 cewa daga Barebari aka aro ta, su kuma asalinta a wurinsu daga Larabci ne. Haka nan fatoma, watau mai saukar da fatake, kalmar Barebari ce mai ma'anar mai gida. Dillali da la'ada daga Larabci suka zo. Ga kuma zango da masauki da rumfa da zaure. Abin lura shi ne, ban da kasuwa da rumfa, duk sauran kalmomin nan suna nuni ne ga mutum ko wurin da ya haɗa kwana da ciniki.

Kashi na biyu kuwa su ne kanti da sito da tireda da filoti da bulo da siminti da haya, waɗanda duk daga Ingilishi aka aro su. Wannan bai nuna cewa Bahaushe bai san biyan kuɗin wuri ba kafin Turawa, domin Clapperton, wanda ya sauka Kano a 1824, ya tarar ana biyan kuɗin rumfa wata-wata a kasuwar birnin. Amma ɗakin da falke ke kwana a gidan fatoma ba a biyan hayarsa. Ribar mai gida tana cikin la'adar kayan da aka sayar ta hannunsa. Wannan ɗan bambanci shi ne ginshiƙin tsohon tsarin, kamar yadda za a gani.

3.0 Gidan Fatoma

Gidan Bahaushe na gargajiya hawa-hawa ne wajen shiga. Da farko akwai zaure, wanda kowane namiji ke iya isa. Daga nan sai farfajiya, inda ɗakunan baƙi da na samari suke, da turken doki ko na jaki. Sa'an nan sai shigifa, wadda ta tsare cikin gida daga idon baƙo. Kowane hawa da irin sana'ar da ake yi a cikinsa. A zaure maɗinki ke ɗinki, baduku ke dukanci, malami ke karantarwa, attajiri kuma ke ganawa da abokan cinikinsa. A ɗakunan farfajiya ake jibge kaya. A cikin gida kuwa mata na kaɗi da saƙa, suna yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da fura da daddawa, yara na fita da su talla. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a 1969 cewa wannan ɓoyayyen ciniki na matan kulle, har da na hatsi, kasuwa ce sosai, sai dai ba ta da rumfuna.

A wurin babban attajiri, wannan tsari kan bunƙasa ya zama abin da a yau sai an tara ma'aikatu da yawa kafin a yi aikinsa. Idan ayari ya iso daga Gwanja da goro, ko daga Azbin da gishiri, madugu kan sauka zango da dabbobi, manyan fatake kuma kowa ya nufi gidan fatomansa. Fatoma zai ba baƙo ɗaki, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillalai, ya yi masa tafinta idan ba ya jin harshen garin. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne lamuni: idan aka sayi kayan baƙo bashi, mai gida ne ke tsayawa, domin shi ya san wanda ke biya da wanda ba ya biya. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000, amma ya ce a lokacin da fatauci ya kankama adadin kan kai 60,000. Waɗannan dubban baƙi a zango da gidajen mutane suke kwana.

Sunayen unguwanni ma shaida ne. A kewayen Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), akwai Zangon Barebari da Soron Ɗinki da Dukawa, can gaba kuma ga Agadasawa da Tudun Nufawa. Akwai kuma Alfindiki, sunan da ya samo asali daga kalmar Larabci ta masaukin fatake. A Arewacin Afirka irin wannan masauki gini ne mai tsakar gida, dabbobi da kaya a ƙasa, ɗakunan kwana a bene. Wanda Sarkin Masar Alguri ya gina a Alƙahira wajen 1505 yana nan tsaye har yanzu, kuma samansa gidajen haya ne. A Sakkwato ma sunaye irin su 'Yar Marina da Maƙerar Asada suna tuna mana cewa inda mutum ke sana'a nan yake zaune.

Duk inda Bahaushe ya je kuma da wannan tsari ya tafi. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, ya nuna cewa ƙarfin mai gida a cinikin shanu da goro ya dogara ne ga yawan gidajen da yake da su na saukar baƙi. Haka abin yake a zangunan Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana.

4.0 Tsari da Shari'a a Daular Sakkwato

Kada a zaci cewa wannan gamayya ta gida da ciniki kara-zube aka bar ta. Shugabannin jihadi sun ɗauki kafa gari aiki ne na hukuma. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817–1837), wanda ya gina Sakkwato a 1809, ya kakkafa ribaɗoɗi irin su Wurno domin tsaron iyaka da zaunar da jama'a. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba nauyin samar wa kowane gari masu sana'a, kamar maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, da kuma kula da ganuwa da kasuwanni da hanyoyi. Ke nan a ganinsa gari ba ya cika sai mazauni da sana'a sun zo tare.

Yankin da Illela take ya ga wannan siyasa da idonsa. Ƙonni tana cikin garuruwan farko da jama'ar Shehu Usmanu suka ci a 1804, bayan hijira zuwa Gudu, kafin yaƙin Tafkin Kwatto. A ƙarshen ƙarni na 19 kuma Marafa Muhammadu Maiturare, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi (1915–1924), ya kafa Gwadabawa, ya yi ta jawo mutane daga Adar da Gobir da sauran wurare yana zaunar da su a dazuzzukan arewacin Sakkwato. A ƙarƙashin ƙasar Gwadabawa Illela ta daɗe kafin ta sami ƙaramar hukumarta.

Ta fuskar hukunci kuwa, alƙalai na da abin dogaro a fiƙihun Malikiyya. Risala, wadda kowane almajirin ilimi ke karantawa a zaure, ta hana mutum yin abin da zai cuci maƙwabcinsa, ta kuma kawo misalin buɗe tagar da za ta tona asirin gidan maƙwabci, ko ƙofar da za ta yi daidai da tasa. Wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, Ibnur Rami, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, inda ya yi bayanin cutar hayaƙi da wari da girgizar bango, da matsalar buɗe shago daura da ƙofar wani, domin mazauna shago kan zura ido ga masu shiga da fita. Wannan ƙa'ida ta yi daidai da abin da aka saba gani a garuruwanmu, inda majema da mahauta kan kasance a gefe, alhali maɗinki da baduku suna zaune a zaurukansu. Ashe ma'aunin da aka bi shi ne cuta: sana'ar da ba ta cutar da maƙwabci ta zauna a gida, wadda ke cutarwa a matsar da ita.

5.0 Zuwan Turawa

5.1 Shata iyaka

Abu biyu Turawa suka kawo waɗanda suka shafi batunmu. Na farko shi ne iyaka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana wani baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wanda ya sa Ƙonni a ɓangaren Ingilishi a kan takarda. Duk da haka, a watan Mayu na 1899 rundunar Faransawa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa Birnin Ƙonni ta yi mummunar ɓarna. Da Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da ruwa, sai suka nemi a sake shiri. Aka yi gyara a 1904 da 1906, sa'an nan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, ƙauyukan kudu da ita suka zauna a hannun Ingila. Mutanen da harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, suna auratayya, suka wayi gari da haraji iri biyu da kuɗi iri biyu. Tsananin haraji da aikin tilas na Faransawa, wanda ba a soke shi ba sai 1946, ya sa mutane da dama suka ƙauro kudu da layin. Garuruwan bakin iyaka na ɓangaren Nijeriya sun ƙaru da wannan ƙaura.

5.2 Raba gida da kanti

Abu na biyu shi ne sabon ra'ayi game da tsarin gari. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta ƙarfafa ware unguwar Turawa daban, da barin fili mai faɗin yadi 440 tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da cuta. A Kano, bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, aka yanka wa kamfanonin Turawa filayen kantuna kusa da tasha, aka ware Nasarawa, aka ware Sabon Gari. Dokar tsara birane ta 1946, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1932, ta ɗora a kan haka. Daga nan ne muka gaji filotin zama daban, filotin kasuwanci daban, har ya zama wanda ya fasa bangon gidansa ya fitar da shago yana bukatar izinin canza manufar fili.

Wani abin mamaki shi ne, a daidai wannan lokaci Kwarori, watau 'yan Sham da Labanan, waɗanda aka ba filaye a Fagge ta Kudu, suka gina kantuna suna zaune da iyalansu a sama ko a bayansu. Nan ne asalin Kantin Kwari. Su ma daga ƙasashen da suka san masaukin fatake suka fito, don haka tsarin bai zame musu baƙo ba.

Su kansu Turawa daga baya sun yi da-na-sani. Birnin New York ya kafa dokar rarraba unguwanni bisa aiki a 1916, masana gine-gine kuma suka amince a taronsu na Atina a 1933 cewa a raba wurin kwana da wurin aiki da wurin shaƙatawa. Amma a 1961 wata marubuciya Ba'amurkiya, Jane Jacobs, ta fito da hujjar cewa titin da ke da shaguna da mazauna tare ya fi aminci, domin ba ya rabuwa da idon mutane dare da rana. Abin da ake kawo mana yau da sunan sabon salo, jikan wannan gyaran tunani ne.

Mu kuma mun ɗanɗana kuɗar gefe biyun. Kasuwar da ta zama shaguna zalla, a kulle da magariba kowa ya watse, idan wuta ta tashi da dare sai ta ci ƙarfinta kafin a farga, kamar yadda ya faru a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, inda dubban shaguna suka ƙone. Babbar kasuwar Sakkwato ma ta sha gobara a Janairun 2021. A ɗaya gefen kuma, inda ciniki ya cinye mazauni ba tare da ƙa'ida ba, kamar Kantin Kwari da gidajensa suka koma shaguna har aka toshe hanyoyi da magudanai, ruwan daminar 2022 ya shiga ya lalata kaya masu ɗimbin yawa.

6.0 Illela da Ƙofarta

Kasuwar kan iyaka tana rayuwa ne a kan bambanci. Daga arewa ana shigo da shanu da raƙuma da tumaki da awaki da wake da albasa, wadda ta Galmi, gabas da Ƙonni, ta yi suna a Afirka ta Yamma duka. Daga kudu kuma hatsi da kayan masana'antu ke haurawa, da man fetur a zamanin da ake rangwanta farashinsa, kafin a janye rangwamen a watan Mayu na 2023. Tsakanin biyun ga 'yan canji, masu juya naira da sefa. Ranar Lahadi ce babbar ranar kasuwar Illela, karar dabbobinta kuma tana cikin manya a arewa maso yammacin Nijeriya. Emmanuel Grégoire ya nuna a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi cewa irin wannan fatauci na tsallaka iyaka a kan amana tsakanin ubangida da baransa da abokin hulɗarsa na ƙetare yake tafiya. Watau dai fatoma bai mutu ba, jaki da raƙumi ne suka koma babbar mota.

Sai dai wannan bambanci da ke kawo arziki, a Abuja da Yamai ake yanke shi, a da kuma a Ikko. Faɗuwar darajar naira daga 1986, da rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kowannensu ya juya alƙiblar ciniki cikin ɗan lokaci. Rufe iyaka ya fi wannan muni. Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a Afrilun 1984, ba a buɗe ba sai Maris na 1986. Abin ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci sunan El-Buhari. An sake rufewa a Agustan 2019, aka kuma hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban wannan shekara. Illela tana cikin ƙofofi huɗu na farko da aka buɗe a Disamban 2020, tare da Seme da Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, sai Maris na 2024 aka buɗe. A Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS.

Idan aka haɗa waɗannan rufewa uku, za a sami kimanin wata 46, watau kusan shekara huɗu cikin shekara 40. Wannan lissafi ya kamata ya kasance a shafin farko na takardar duk wanda zai gina wani abu a Illela. Wanda ya ci bashin banki ya gina shaguna ɗari, da nufin ya biya daga kuɗin haya, me zai gaya wa banki idan aka rufe ƙofa wata 16?

7.0 Darussa ga Mai Niyyar Gini

A nan ne tsohon tsari ke da abin cewa. Darasi na farko shi ne, mazauni ke riƙe gini idan ciniki ya tsaya. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Illela mutum kimanin 150,000, kuma waɗannan ba sa daina cin abinci ko sayen magani ko ɗinka tufafi don an rufe iyaka. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na kwastan suna bukatar wurin zama ko da ciniki ko babu. Ginin da ya raba ƙafa tsakanin masu haya na zama, da shagunan bukatun yau da kullum, da siton manyan fatake, ya bi hikimar masu iya magana da suka ce gida biyu maganin gobara. Haka kuma ya kamata a yi ginin daki-daki, kamar yadda gidan Bahaushe ke girma ɗaki bayan ɗaki gwargwadon bukata, maimakon a zuba dukiya gaba ɗaya a wayi gari da kango.

Na biyu, kasuwar da ke ci mako-mako ba shago ta fi bukata ba. Falken da ya taso daga Tawa ko Agadas ko Anaca yana neman inda zai kwana lafiya, da inda zai ajiye kaya, da inda motarsa za ta tsaya, da masallaci da ruwa da makewayi, da kuma mutumin da zai tsaya masa. Taswirar da ta cika da shaguna masu ƙofar ƙarfe ta mance da masauki da sito, ta ɗauki ɓawon gidan fatoma ta bar ƙwayar.

Na uku shi ne sutura. Abin da ya sa ciniki ya zauna lafiya a gidan Bahaushe shi ne zaure da shigifa. Idan aka ɗora gida a kan kanti, aka sa matakalarsa ta bi ta gaban masu zaman shago, magidanci mai iyali ba zai kama shi ba. Dole ƙofar mazauna ta fita ta wata fuska daban, a sami tsakar gida ko rufin soro mai katanga inda mata za su yi girki da shanya, tagogin bene kuma kada su leƙa gidajen maƙwabta, wanda shi ne ainihin abin da Risala ta hana. Har ila yau, tun da mata 'yan kasuwa ne a cikin gidajensu, ya kyautu a yi musu tanadin wurin da za su sayar da abin da suka sarrafa ba tare da sun dogara ga tallar ƙananan yara kaɗai ba.

Na huɗu, a dawo da ma'aunin cuta. Jarkokin fetur da tukwanen gas da injin niƙa da janareto su ne majema da mahautar wannan zamani, ba su da wuri a ƙarƙashin ɗakin da yara ke barci. A ware musu gefe, a bar hanya mai faɗin da motar kashe gobara za ta shiga ta juya, a kuma haƙa magudanai kafin a aza bulo, domin damina a wannan yanki gajeriya ce amma ruwanta kan zo da ƙarfi. Zafin bazara kuwa, wanda kan wuce digiri 40, yana bukatar bango mai kauri da baranda mai inuwa, abin da maginan tubali da azara suka sani tun kafin siminti da kwano.

Na biyar shi ne batun fili da rabo. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyya kuwa a kan abin da aka gina ko aka shuka ake biyanta. Manomin da aka karɓe gonarsa aka biya shi kuɗin gero, ya ga an gina kantuna a kanta an raba wa waɗansu, ba zai taɓa ganin wurin da alheri ba. Adalci shi ne a ba masu gonakin kaso a cikin shagunan. Sa'an nan a tuna cewa ba a tayar da kasuwa da takarda. Mayar da masu sayar da magunguna na Sabon Garin Kano zuwa sabuwar cibiyar Dangwauro sai da ya kai ga kotu da rufe shaguna a 2024. Tun kafin safiyo ya kafa fegi ya kamata a zauna da hakimi da sarkin kasuwa da sarkin zango da sarkin fawa da shugabannin dillalai da na direbobi, domin su suka san inda ƙafar mai saye ke bi.

8.0 Kammalawa

An ga yadda gidan attajirin Bahaushe ya kasance masauki da sito da wurin lamuni da mazaunin iyali a lokaci guda, da yadda zaure da hukuncin hana cutar maƙwabci suka tsare wannan gamayya daga lalacewa. An kuma ga yadda mulkin Turawa ya raba gida da kanti a taswira, ya kuma raba Illela da Ƙonni da layi. Sabuwar hanyar Badagiri, idan Allah ya nufa an gama ta, za ta kawo wa Illela kuɗi da baƙi da 'yan kwangila, amma ba za ta hana a sake rufe iyaka ba wata rana. Ginin da zai jure wannan shi ne wanda mutane ke kwana a cikinsa, suna kuma cin abinci daga gare shi, ko ƙofa na buɗe ko tana rufe.

Saura aiki ga ɗalibanmu na sassan Hausa da tarihi da tsara birane. Har yanzu akwai dattawa a Illela da Ƙonni da Gwadabawa waɗanda suka yi fatomanci ko suka tashi a gidajen fatoma. Ya kamata a je a ɗauki bayaninsu, a zana fasalin gidajensu, a rubuta kalmomin sana'arsu da karin harshensu na Sakkwatanci da Adaranci, tun kafin a rushe zaurukan a gina shaguna a gurbinsu. Da tsohuwar zuma ake magani.